Simintin da Na Shafa wa Ɗakin Kaka

Kafanchan

'Yata Rifkatu,

Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina roƙonsa wasiƙar nan ta same ki lafiya, ya tsare shigarki da fitarki a Zariya, ya haɗa ki da maƙwabta masu tsoron Allah, ya raba ki da zazzaɓi da mugun abokin aiki. Babanki yana gaishe ki. Kaka ma tana gaishe ki, ita har da saƙo, amma sai can ƙasa zan faɗa miki. Na san halinki, in kika ji shi yanzu ba za ki karanta sauran ba.

Za ki ce, Mama, ga waya, mene ne kuma na wasiƙa? To, a waya katse ni kike yi. Ban kai rabin magana ba kin ce kin gane, alhali ba ki gane komai ba. A takarda kuwa dole ki yi shiru har in gama. Direban motar Zariya zai ba ki ita tare da ƙullin acca da citta, ki duba da kyau, kada ya ce ya manta.

Tun ranar da aka ce an ɗauke ki aikin nan bakina ya ƙi rufuwa. Babu wanda ban gaya wa ba a kasuwa, har masu dako sun sani. A zumuntar mata na tashi ba da shaida, sai da shugabar ta ja mini bakin zani na zauna. Wata ta taɓe baki ta ce ashe duk karatun zanen gine-ginen da kika yi, kwaɓin ƙasa za ki ƙare da shi. Na ce mata e, 'yata ce za a kira in tsohon masallaci ko tsohuwar majami'a ko gidan da ya ga kakannin kakanni ya fara ciwo, ita kuma tata 'yar sai ta ci gaba da zama a inuwa. Na san bai kamata in faɗi na ƙarshen ba, amma ya yi mini daɗi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne maganar da kika yi a waya ranar Lahadi. Wai za ki nemi izini a wurin aiki, ke da ko kujerarki ba ta san ki ba tukuna, ki dawo ki zauna a ƙofar ɗakin Kaka a ƙauye don kada Baba Ishaya ya rushe shi. Har kika ce in sun hana ki izinin za ki ajiye aikin. Rifkatu, kada ki kuskura. Na san abin da ɗakin nan yake a zuciyarki. Kakanki ne ya gina shi da hannunsa can bayan Zonkwa lokacin da ya kawo Kaka gida, a ciki ta haifi babanki da ƙanensa Ishaya, ke ma a ciki kika koyi rarrafe. Tun da bangon ya tsage da damina muka ɗauko ta muka kawo ta nan, kullum da safe sai ta ɗaure ƙullin kayanta ta zauna a kansa, tana tambaya ko yau ne za a mai da ita. Ta ce ba ta son mutuwa ta same ta a ɗakin baƙi. Shi kuma Baba Ishaya ya rantse da zarar an gama girbi zai tura bangon ƙasa ya gina mata na bulo. Duk wannan na sani. Amma ki zauna inda kike, ki ji yadda ɗakin ya kai ga haka, don akwai abin da zai yi miki amfani a aikinki, sannan ki ji abin da uwarki ta aikata a makon nan.

Kowa a dangi ya san ni na fara. Shekarar da citta ta yi daraja, kina goye a bayana, na dubi kaina na ga muna zaune a kwatas ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa, ga lantarki ga famfo, uwar mijina kuma tana kwana a ƙarƙashin ciyawa. Kunya ta kama ni. Na ce me mutane za su ce? Na sayi kwano, na sa aka yaye jinkar. Ita jinkar nan, in kin tuna hotonta, saukowa take sosai ta rufe bango kamar malafa, ruwa ya zuba can nesa. Ni kuwa sai na tsaya a kan kafinta na ce ya yanka kwanon daidai bakin bango, don ina so ragowar ta ishi kicin. Ya ce Madam, ruwa fa. Na ce ya yi abin da aka sa shi. Ranar da aka gama, Kaka da kanta ta yi rawa a tsakar gida, ta ce yanzu za ta ji ƙarar ruwan sama irin na 'yan birni. Ke kin san ruwanmu na nan ba ya wasa. Damina ɗaya, biyu, sai ga gindin bango ya fara zaizayewa, don duk abin da ya sauko daga kwano a ƙafarsa yake zuba.

Ga abin da nake so ki riƙe. Yawancin gine-ginen da za a kai ki ki gani, ba maƙiya ne suka ɓata su ba. Irina ne, masu ƙauna da kunya da 'yan kuɗi a hannu. In kika shiga gida kika ga an yi wa tsohon bango aika-aika, kada ki kama baki kina cewa wane jahili ne ya yi wannan. Mai yiwuwa jahilin shi ne ya shimfiɗa miki tabarma, kuma da guminsa ya yi, yana jiran ki yaba. Ki fara tambayarsa me ya ji tsoro har ya yi hakan. In kin san tsoronsa, kin san ta inda za ki ɓullo masa.

Da gindin bango ya zaizaye, maganinsa a bayyane yake, don ana yin sa tun kafin a haife ni. Kowace shekara bayan girbi matan gidan da na maƙwabta sukan taru a yi yaɓe. A haƙo jar ƙasa, a zuba ciyawar acca, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana, sannan a shafe bango da hannu, a bi shi da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa, don ruwan sama ya riƙa zamewa. Ana yi ana waƙa, ana gulma, ana shan kunu. Kuma gidan nan yana da tasa al'ada: duk macen da ta shigo gidan da aure, ko 'yar gida da ta isa shiga kwaɓi, takan danna tafin hannunta a ɗanyen yaɓe a gefen ƙofar Kaka. In za a sake yaɓe sai a kewaye wurin, ba a taɓa shi. Ni ma na danna nawa ina amarya, Kaka tana riƙe da gwiwar hannuna. Har yau kin ji da kunnenki Amarya take kirana, ga furfura a kaina.

To, sai na gaji. Kowace shekara in rufe shago, in hau mota, in je in dawo da ciwon baya da faratai cike da ƙasa. Na ce wahalar nan ta isa, na kawo birkila daga Zonkwa ya shafe ɗakin da siminti ciki da waje, aka bi shi da koren fenti. Kai, ya yi kyau! Ba zan yi miki ƙarya ba, har fasto ya tsaya ya yaba. Birkilan ya bubbuga ƙusoshi a bango don siminti ya kama, sai a gefen ƙofa ne kawai Kaka ta kafa kujerarta ta ce ba mai buga ƙarfe a hannun mutane. Ya shafe wurin haka nan ba ƙusa. Daga wannan shekarar taron yaɓe ya mutu a gidanmu, don ba abin da za a yaɓa. Matan da muke haɗuwa da su sai a wurin jana'iza muke ganin juna. Ke kuma kika girma ba ki taɓa danna naki hannun ba.

Saboda haka duk wanda ya zo miki da gyaran da ya ce an yi ke nan har abada, ki dube shi sau biyu. Ki tambaye shi, bayan an gama, wa zai riƙa zuwa yana duba wurin? Ni abin da na saya ke nan, hutun zuwa dubawa, kuma shi ya kusan cinye ɗakin. In kun gyara gini kun tafi, ba ku bar mutanen da za su riƙa taɓa shi kowace shekara ba, aikinku rabi ne.

Kuskurena na uku kuwa, bayan kwano da siminti, ke shaida ce, kuma ke ma kina da naki kason a ciki. Kin tuna bikin Istan da kika zo hutu daga jami'a, muka je ƙauye, gida cike da baƙi? Kika tashi kina ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, yana amsawa kamar ganga. Kika juyo kika ce siminti ya rabu da ƙasa, ruwa yana shiga ba ya samun hanyar fita, bangon yana ruɓewa daga ciki, dole a ɓamɓare. Gaskiya kika faɗa. Amma da Turanci kika faɗe ta, da ƙarfi, a gaban surukaina, kina nuna aikina da yatsa. Ni kuma jinina ya hau, na ce a ji mini yarinya, wadda na wanke wa kashi jiya ita ce za ta koya mini gini. Aka yi dariya. Kika yi shiru, kika ɗauki farantinki kika koma bayan rumbu. Baba Ishaya ma haka kika yi da shi da maganar rushewa ta taso, kika ce masa ba shi da tarihi a kansa, ya ce ke ba ki da kunya a ido, kowa ya kama gabansa.

Abu biyu nake so ki gyara, kuma kamar suna faɗa da juna, amma ki haɗa su. Ki ja mai gida gefe, ki gaya masa da harshen da yake mafarki da shi, ki ba shi yatsarsa ya ƙwanƙwasa da kansa ya ji. Sannan in ya yi miki dariya, kada ki koma bayan rumbu. Ki dawo gobe, ki dawo jibi, da gaisuwa da fara'a, ki sake faɗa. Da kin dame ni a wancan lokacin da na ji haushi, amma da na ji magana. A aikin nan za ki tsaya gaban sarakuna da limamai da dattawan ikilisiya da manyan ofis, kina mace, kina yarinya. Za a yi miki dariyar da ta fi tawa ciwo. Shirunki ba zai riƙe bango ba.

Yanzu ki gyara zama, ga babban labarin.

Da kika ajiye waya ranar Lahadi, na ce ni Saratu, ina raye, 'yata ta bar aikin da Allah ya ba ta saboda simintina? Washegari na je wurin Hajiya Balaraba, maƙwabciyar shagona mai sayar da daddawa, na ce ta nemo mini makuba. Ta yi dariya ta ce rabon da a tambaye ta makuba har ta manta, amma kafin la'asar ta sa an kawo buhu. Ta ƙi karɓar komai, ta ce zauren mahaifinta haka aka rushe shi tana kallo, a yi wannan a madadinsa. Na aika wa matan ƙauye cewa yaɓe ya dawo. Rifkatu, da kin ga yadda suka fito! Tsofaffi da sanduna, matasa da jarirai a baya, wata ma ta taso tun daga Kauru don ta ji labari. Muka ɗauki Kaka a mota, da ƙullin kayanta, don ta ƙi barin sa.

Kina tsammani ba na sauraronki in kina wa babanki bayani a kan tebur. Ina ji, ina dai yin kamar ina tsince shinkafa ne. Don haka na sa babanki ya tokare rufin da itatuwa tukuna, kamar yadda kika ce. Na kuma tuna kin ce a fara daga inda ya yi ganga, a bi shi kaɗan-kaɗan da cizal, ɗan ƙarfen nan na sassaƙa. Na tuna sarai. Amma da na ga mata sun kewaye ni suna guɗa, ga guduma a hannuna, sai daɗi ya ɗebe ni. Na ɗaga na maka wa bangon iya ƙarfina. Wayyo! Siminti ya faɗo, ya taho da ƙasar bayansa, ya bar rami da kaina zai shiga. Wani warin danshi ya bugo, gara ta watse ko'ina, ƙasar kuwa laushi kamar tuwon da ya kwana a ruwa. Babanki ya zare gudumar daga hannuna ya miƙa mini tsintsiya. Ke ma irin zafin hannuna gare ki, na sani, a jinina kika sha. Ranar da kika fi jin daɗin aiki, ranar za ki fi kula da hannunki. Abin da ya daɗe a tsaye, in kika fasa shi babu kantin da za ki sayo wani.

Daga nan aka bi a hankali. Da aka iso gefen ƙofa, inda babu ƙusa, babanki ya sa bakin cizal ya ɗan taɓa, sai simintin ya saki gaba ɗaya kamar murfin tukunya. Muka tallafe shi muka kwantar. Ga su nan, Rifkatu. Hannuwa, jere, wasu a sama wasu a ƙasa, kamar jiya aka danna. Waƙar da ake yi ta tsaya. Kaka ta sa aka matso da ita, tana bin su da yatsa tana kiran sunayen masu su, rayayyu da waɗanda suka riga mu. Na duba inda nawa yake, na ga wurin a ƙwaƙule. Ashe ya manne a bayan simintin ya taho da shi. Nawa kaɗai ya lalace a cikinsu. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba, sannan na yi dariya, don Kaka ta ce daidai ke nan, mai kaya ta ɗauki kayanta.

Muna cikin haka sai ga Baba Ishaya daga gona, an kai masa labari. Ya shigo yana huci, yana cewa wa ya ba mu izini, so muke bango ya danne masa uwa? Kin san ba mugunta ce ta sa yake son rushewa ba, tsoro ne. Ni dai na matsa gefe. Idonsa ya sauka a kan wani ɗan hannu can ƙasa, mai lanƙwasasshen ƙaramin yatsa. Na marigayiya Lami ne, matarsa, wadda ta rasu kina firamare. Ba wanda ya nuna masa, shi ya gane abinsa. Ya tsuguna ya ɗora tafinsa a kai, ya daɗe a haka, mu kuma kowa ta sami abin kallo a ƙasa.

Da ya tashi ya share fuska ya ce, "Bulo zai jira Kirsimeti. In Rifkatu ta zo ta ce bangon zai riƙe, an bar shi. In ta ce ba zai riƙe ba, ba na son jin bakin kowa."

Kin ji inda magana ta tsaya, a bakinki. Mutumin da ya ce ba ki da kunya shi ya ɗora ki alƙali. Ba mu yi yaɓen ba tukuna, mun bar bangon a buɗe ya sha iska ya bushe kamar yadda kike faɗa, ƙasa tana nan a tare, makuba tana jira. Kafinta yana ƙara wa kwano baki, ya sauko sosai, kuma wannan karon na rufe nawa bakin. Ramin da na yi, matan sun ce za su cike shi kaɗan-kaɗan. Amma babbar tsagar nan ta gabas, wadda ta tashi daga ƙasa har rufi, na hana kowa taɓa ta. Babanki ya ɗauki hotunanta ta kowane gefe zai tura miki. Ki nuna wa manyanki a wurin aiki, ki tambaye su ba kunya, ki buɗe ido duk inda suka kai ki aka ɗinke irinta. Abin da ɗakin Kaka yake bukata daga gare ki ke nan. Mai gadi muna da shi, ga ni. Wadda ta san aikin ce ba mu da ita.

Kuma ki ji wannan da kyau, don shi ya fi nauyi. In kika zo kika duba kika ga ba zai riƙe ba, ki faɗa. Kada ki dubi hawayena, kada ki dubi ƙullin kayan Kaka, kada ki ce ai Baba Ishaya zai yi nasara a kanki. Mutum ne zai kwana a ciki. Duk tsawon aikinki za a yi ta jan ki, wasu su so ki ce a rushe don suna son filin, wasu su so ki ce lafiya lau don suna son abin. Ki faɗi abin da idonki da iliminki suka gani. In ya kama a sauke ɗakin, za mu roƙi a bar mana gefen ƙofar nan a tsaye, mu yi kukanmu mu share. Amma zuciyata tana gaya mini zai riƙe, don can sama da na taɓa ƙasar tauri gare ta kamar dutse.

Sauran ƙanana ne. Ki riƙa yawo da ɗankwali da mayafi a jaka, in aiki ya kai ki masallaci ko gidan manya ki rufe kanki, ki cire takalmi tun ba a ce miki ba, ki gaishe da tsofaffin da ke zaune a ƙofa kafin ki ɗaga ido ki kalli bango. Kada ki hau tsani sai wani ya riƙe miki, ko da za a ce ke matsoraciya ce. Tsohon ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba, ki buga ƙafa kafin ki shiga, kin san abin da ke son irin wurin. Ki ci abinci da safe. Ki nemi majami'a kusa, ki shiga ƙungiyar mawaƙa, muryar nan ba ta ajiya ba ce.

To, ga saƙon Kaka. Da za mu taso, matan suka ce ranar yaɓe za a ba ni wuri in sake danna nawa hannun, a inda ya ƙwaƙule. Kaka ta ce ta yarda. Sannan ta ɗauki sandarta ta zana da'ira a bango, kusa da nata, daidai tsayin kafaɗarki, ta ce in rubuta miki da bakinta:

"Ki gaya wa mai karatu ta zauna ta koyi aikinta, ba na son rabin likita. Nan wurinta ne, ba mai taɓawa. Na jira ta tun tana rarrafe, zan iya jira zuwa Kirsimeti."

Kuma da muka dawo Kafanchan, ta kwance ƙullin kayan nan da kanta ta jera su a kwaba. Yau da safe ba ta tambayi kowa ko yau ne ba.

Ubangiji ya yi miki jagora, 'yata. Ya tsare ki a hanya da masauki, a kan tsani da ƙarƙashin tsohon rufi, ya ba ki farin jini wurin manyanki da haƙuri da masu gidaje irin uwarki. Ya tsare mini wannan hannun naki na dama, har ya zo ya sauka a inda aka bar masa. Amin.

Ni ce mamanki,
Saratu